Zuwa ga ƴan uwana na Tawa: jadawalin da ke ɓacewa daga takardar Word

Daga Liyon, ƙasar Faransa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gaida iyayenmu, ina gaishe ku da aiki, musamman ƙannena ɗalibai masu rubuta memwar, wato littafin binciken kammala karatu, da ku masu buga wa jama'a takardu a siba, wato shagon kwamfuta.

Duk lokacin da sutanans, wato ranar kare memwar a gaban malamai, ta matso, sai a yi ta turo mini takardun Word ta WhatsApp a ce in duba. In na buɗe, inda jadawali ya kamata ya fito sai in tarar da «Erreur ! Liaison incorrecte.», ko wani akwati mai jan kuros a gurbin hoto. Mai takarda ya rantse lafiya lau take a kwamfutarsa, kuma gaskiyarsa. Abin yana ci mini rai, domin wahalar wata da watanni ce ke neman zubewa a kan gyaran da bai kai ya kawo ba.

Tun 1990 kamfanin Microsoft ya fito da tsarin OLE, wanda ya ba da hanya biyu ta sa abin Excel cikin Word: ko a cusa shi ɗungurungum, ko a ɗaura shi ta «Coller avec liaison». In ka ɗaura, alƙaluman suna can cikin Excel. Abin da Word ya riƙe kawai shi ne kamanninsu na ƙarshe da kwatancen inda fayil yake. Kamar ka aiki yaro da kwatancen gida ne, ya je ya tarar mai gidan ya tashi. Sake wa fayil suna ya isa ya tsinka igiyar, haka ma mayar da shi wani dosiye. Kai, kilen USB da kwamfutarka ke kira E: ana iya soka shi a ta siba ya koma F:, shi ke nan kwatance ya ɓaci.

Kafin komai, in ka buɗe takarda Word ya tambaye ka ko ya sabunta abubuwan da aka ɗaura, alhali fayil ɗin Excel ba ya wajenka, ce masa a'a. Kada ka taɓa maɓallin F9, domin shi ma sabuntawa yake yi. In ka riga ka yarda saƙon kuskure ya fito, rufe takardar ba tare da ka adana ba, ka sake buɗewa.

Daga nan danna Alt da F9 tare. Jadawalin da aka ɗaura zai koma layin rubutu mai farawa da LINK Excel.Sheet.12, sai adireshin fayil a biye. Karanta shi a tsanake, wataƙila nan za ka ga sunan wani abokinka da ka yi aiki a kan kwamfutarsa bara. Sake danna Alt da F9, takarda ta dawo yadda take. Ba kowane zane ke bayyana ta nan ba, don haka shiga Fichier, sannan Informations, ka duba ƙasa ta dama akwai «Modifier les liens d'accès aux fichiers». Sai takardar da aka riga aka adana take nuna shi. Zaɓi «Modifier la source», ka nuna masa inda fayil ya koma, ka sabunta.

A nan nake roƙonku ku natsu. Saƙon kuskure da sauƙi, tunda ido na ganinsa. Wanda ya fi ban tsoro shi ne ka nuna wa Word tsohon kwafi cikin waɗannan masu suna final, final2, final gyararre. Jadawali zai fito tsaf, amma alƙalumansa sun saɓa da bayanin da ka rubuta a ƙarƙashinsa, kuma malaman da ke zaune gabanka ranar sutanans su za su fara ganowa. Gwada kowane adadi da rubutunka bayan ka sabunta.

Wasu kan ce to a cusa kawai a huta. Ku sani in ka cusa zanen Excel, littafin lissafin gaba ɗaya ke shiga takardar, har shafukan da ba ka yi niyyar nunawa ba. Wanda ya danna sau biyu zai iya ganin sunayen mutanen ƙauyen da ka yi wa tambayoyi, ko albashin ma'aikatan ƙungiyarku. Wannan amana ce, ba ƙaramin abu ba.

Ni dai ga yadda nake yi. Muddin ina kan aiki, Word da Excel suna dosiye ɗaya, ba na sake musu suna. Ranar turawa sai in yi kwafi, in tsinka igiyoyin ta «Rompre la liaison», asalin kuma in bar shi a ɗaure. Danna Ctrl, Maj (wato Shift) da F9 tare ma yana tsinkawa, amma zaɓi jadawalin shi kaɗai, don in ka zaɓi duk takardar, jerin babobin da ke farko zai daskare, ba zai ƙara bin lambobin shafi ba. Abin da za a kai wa mai bugawa kuwa, a mayar da shi PDF, a duba shi shafi-shafi tun a gida.

Allah ya ba da sa'ar sutanans. A gaida mutan gida duka.

Ɗan uwanku a Liyon