Shamuwa a watan Disamba?

Asabar. Hazo ya sauka tun daren jiya. Muna idar da Asuba muka kama hanyar Illela daga Sakkwato zuwa Kware don kallon tsuntsaye, ni da Nasiru da Bello. Mota a bakin gari, saura da ƙafa, ta cikin bagaruwa da gawo har gefen tafki. Mun gaisa da masu ban-ruwan albasa, mun faɗa musu inda za mu bi da lokacin da za mu fito. Yanzu ba a shiga daji ba da sanin mutanen wurin ba. Dajin Gundumi kam mun daɗe da cire shi daga lissafin wuraren da muke zuwa.

Da farko komai lafiya lau. Gawo a rani yake fitar da ganye, to a gindinsa ake tsayawa, rana ta bayanka, a yi shiru kamar minti 10 kafin a ɗaga madubin hangen nesa. Cilakowa, kurciyoyi, tsanwaka guda a kan busasshen reshe. A ruwa garken kirinjijiya, da zalɓe can gefe.

Wajen ƙarfe 9 wani babban tsuntsu ya tashi daga tsallake, ya ratsa hazo ya ɓace. Kafin in juyo, Bello ya riga ya rubuta a littafinmu: shamuwa, 1.

Na ce, "Bello, mi kag gani?"

"Shamuwa ta, Yaya. Baƙa, ciki fari, wuya miƙe."

"Bayanta fa, saman wutsiya?"

"Yaya, ai kowa ya san shamuwa."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yanzu. Kowa ya san ta, amma da damina. Tana isowa gab da ruwan farko, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, da kaka ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka. Abincinta fara da tsutsa a fili, ba kamun kifi a bakin tafki ba, kuma garke-garke take tafiya. Guda ɗaya tilo a bakin ruwa cikin hunturu, dole a dakata kafin a sa mata suna.

Wuya miƙe ya fitar da zalɓe, domin shi naɗe wuyansa yake yi in yana shawagi. Nan Bello ya yi daidai. Sai dai akwai babbar 'yar'uwar shamuwa da ke zuwa daga Turai ta yi hunturu a wannan sashe, ita ma baƙa mai farin ciki. Tamu tsawonta kamar santimita 73, waccan ta kusa mita 1. Waccan in ta girma baki da ƙafafu jajaye ne, tamu bakinta toka-toka, fuskarta da shuɗi. Amma a hazo launi ba abin dogaro ba ne, kuma 'ya'yan ta Turai ba su da jan baki tukuna. Girma ma yana ruɗi in babu wani tsuntsu kusa da za a gwada. Abin da ke raba gardama guda ne: shamuwarmu in ta buɗe fiffike, ƙasan bayanta fari ne tas, waccan baƙi ne har wutsiya. Wurin da ya kamata ido ya fara zuwa ke nan, kuma shi ne bai duba ba.

Madubinsa ma da laifi. Mai lamba 12 ne, wato mai ƙara girman abu sau 12, yana jawo abu kusa amma hannu na rawa da shi, filin da yake nunawa kuma ƙunci, tsuntsu mai tafiya ya fice kafin ka kamo shi. A tafiyar ƙafa mai lamba 8, wato 8x42, ya fi. Ga gilashin duk zane, don da bakin riga yake goge shi. Ƙurar hunturu yashi ce. A fara hure ta, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi.

Ban ce ya soke ba. Na ce ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai, da lokaci da wuri da yanayin hazo, ya bar gurbin suna. Ya rubuta, amma bai sake yi mini magana ba har muka iso mota. In ta Turai ce, mun yi asarar gani mai wuyar samu. In tamu ce ta yi lattin tafiya, shi ma abin rubutawa ne. Yanzu ba mu da ko ɗaya.

Nasiru da silifas ya zo, ƙarangiya ta gama da shi. Ruwa lita 2 kowa ya isa.

A hanyar fita mun tarar an sassare rassan gawo uku don dabbobi, ɗaya har kusan gindi. A cikinsu har da wanda tsirya ke sauka bara.

Gobe ɗaurin aure a Mabera, babu fita.