Lahadi, 30 ga Maris 2025: Ranar Sallah da rigimar Tennessee

Alhamdulillahi, azumi ya ƙare lafiya. Mun yi Idi da safe a nan Lexington, a jihar Kentucky ta Amurka, na kira gida, na gaisa da Inna da ƙannena, a lokacin su har sun ci tuwon Sallah sun fara yawon barka. Daga masallaci gidan Baba Alhaji na nufa, dattijon nan mutumin Damagaram da ya daɗe a garin nan, wanda gidansa ne matattarar duk wani mai jin Hausa a ranar Sallah. Hajiya ta yi waina da miyar taushe, ga dambun nama. Muna cikin ci aka kunna talabijin, domin ƙarfe 2 da minti 20 Houston da Tennessee za su kara a Indianapolis, wanda ya ci ya shiga cikin huɗun ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka.

Tun daren Juma'a raina yake a ɓace. Tennessee ce ta fitar da mu, Kentucky, da ci 78 da 65, a wannan filin dai. Abin da ya fi ciwo shi ne mun doke su sau biyu a kakar bana, gida da waje, sai a wasan da ya fi kowanne muhimmanci suka rama. Duk da haka ban ga laifin yaranmu ba. Shekarar Mark Pope ta farko ke nan a matsayin mai horarwa, ya tarar da ɗakin 'yan wasa wayam bayan tafiyar John Calipari zuwa Arkansas, ya tattaro yara daga jami'o'i daban-daban, ya kai mu zagayen 'yan 16 karon farko tun 2019. Otega Oweh, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a nan Amurka, ya riƙe mu duk kakar.

Ana fara wasa sai na ga Baba Alhaji yana tafa wa Tennessee. Na ajiye cokali na ce, "Haba Baba, waɗannan fa su suka sa mu kuka shekaranjiya."

Ya ce, "Ɗana, zauna in faɗa maka. In suka kai ƙarshe, sai a ce wanda ya kayar da mu gwani ne. In aka yi musu kaca-kaca yau, mu me za a ce da mu? Kuma gidanmu ɗaya da su."

Gidan da yake nufi shi ne SEC, haɗakar jami'o'in kudu maso gabas, mai jami'o'i 16. A nan kowace jami'a tana cikin wata haɗaka, a cikinta take buga yawancin wasanninta daga Janairu zuwa Maris. Idan aka zo babbar gasa mai ƙungiyoyi 68, guda 31 suna shiga ne saboda sun ci kofin haɗakarsu, sauran 37 kuma wani kwamiti ne yake zauna ya zaɓa. To bana SEC ta shigar da 14 cikin 16, abin da ba a taɓa yi ba. LSU da South Carolina ne kawai suka zauna a gida. Kafin wannan, mafi yawa shi ne 11 da Big East ta shigar a 2011.

Maganar Baba Alhaji ba ta banza ba ce, kuma na daɗe ina juya ta a raina yau. Ƙarfin haɗaka abu ne na gaske, kuma a watan Nuwamba da Disamba ake gina shi, lokacin da ake buga wasa da 'yan waje. A karawar da aka yi tsakanin SEC da wata babbar haɗaka mai suna ACC a Disamba, wasa 14 cikin 16 SEC ta ci. Da zarar lissafin kwamfuta ya ɗaga darajar kowa a cikin gida, sai duk wasan da za ku buga da juna ya zama mai nauyi: in ka ci an ba ka lada mai yawa, in an ci ka ba a rage maka sosai ba. Ta haka ne Texas da Oklahoma, kowacce da nasara 6 da rashin nasara 12 a cikin haɗaka, suka samu shiga, West Virginia kuma da ta je har gidan Kansas ta yi nasara aka bar ta a waje. Saboda haka mai goyon bayan Kentucky da ya yi murna don Tennessee ta doke wata baƙuwa a Disamba, yana da hujja, kansa yake yi wa aiki.

Sai kuma kuɗi. Duk wasan da ƙungiya ta buga a gasar nan, ban da na ƙarshe, a tsarin bana, hukumar NCAA mai shirya gasar tana rubuta wa haɗakarta kaso ɗaya, kuma kason ya kai kusan dala miliyan 2 da ake biya a tsawon shekara 6. Da Tennessee ta ci yau, da SEC ta ƙara kaso ɗaya. Baba Alhaji ya yi aikin lissafin kuɗi duk rayuwarsa, shi wannan ne babbar hujjarsa. Na ce masa, ko daidai aka raba tsakanin jami'o'i 16, abin da zai iso Lexington dala dubu ɗari da 'yan kai ne, a cikin shekara 6, ga jami'ar da take cika ɗakin wasa na Rupp mai ɗaukar mutum sama da 20,000. Ba zan tafa wa rigar ruwan lemo ta Tennessee saboda wannan ba.

Wani matashi ɗan Zangon Kumasi da yake karatu tare da mu ya goyi bayana. Ya ce shi tun yana yaro Manchester United yake yi, kuma ko an ce nasarar Liverpool a Turai za ta ƙara wa Ingila gurbi a gasar zakaru, ba zai taɓa yi musu fatan alheri ba. Ɗakin ya rabu biyu, har Hajiya ta leƙo daga kicin ta ce a rage murya, ranar Sallah ce.

Wasan kansa bai ba mu damar doguwar gardama ba. Tsaron Houston ya shaƙe Tennessee tun daga farko. Aka tafi hutun rabin lokaci 34 da 15. Maki 15 cikin minti 20, daga ƙungiyar da ta zura mana 78! Kusan duk jifan da suka yi daga nesa sai ya bugi ƙarfe ya dawo. Bayan hutu sun ɗan taso, Baba Alhaji ya miƙe zaune, sai Emanuel Sharp na Houston ya jera musu jifa masu maki uku, aka tashi 69 da 50. Har yau Tennessee ba ta taɓa shiga huɗun ƙarshe ba a tarihinta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ko da yake da aka nuna fuskar Zakai Zeigler na Tennessee, ɗan guntun yaron nan da ya shekara huɗu yana ba mu wahala, a wasansa na ƙarshe, sai na ji tausayinsa. Kuma Houston ba baƙuwa ba ce a wurina. A can Hakeem Olajuwon ya yi wasa bayan ya baro Legas, ya kai su wasan ƙarshe a 1983 da 1984, duka biyun kofin ya kuɓuce musu. Ba su taɓa ɗauka ba har yanzu. In mai horar da su Kelvin Sampson ya kawo musu shi bana, zan yi murna tsakani da Allah.

Muka yi La'asar, aka kawo shayi. Ƙarfe 5 da 'yan mintuna Auburn da Michigan State suka shiga fili a Atlanta, kuma a nan ne abin ya juya, domin Auburn na bi. Baba Alhaji ya yi dariya ya ce ashe dai na dawo gida. Na ce a'a Baba, Johni Broome nake bi. Yaron nan a Morehead State ya fara, ƙaramar jami'a a gabashin Kentucky, tafiyar kamar awa ɗaya daga nan, inda manyan jami'o'i ba su waiwaye shi ba. Yau ya ci maki 25. A rabi na biyu ya faɗi a kan hannunsa, aka fita da shi, duk muka ɗauka shi ke nan, sai ga shi ya dawo da hannu naɗe ya zura jifa mai maki uku. Auburn ta ci 70 da 64. Su ne fa suka zo har Rupp ranar 1 ga Maris suka doke mu 94 da 78, nasararsu ta farko a ɗakin tun 1988, amma wannan bai sa na ƙi Broome ba. Tsakaninmu da Auburn babu tsohon gaba irin na Tennessee, da muke iyaka ɗaya muna haɗuwa kowace shekara tun kafin a haifi iyayenmu.

Na tausaya wa Tom Izzo, mai horar da Michigan State. Zuwa bana dai, shi ya ci wa haɗakarsu ta Big Ten kofinta na ƙarshe a 2000, kuma tun daga lokacin ake yi wa haɗakar gori kowane Maris. Bana sun shigar da 8, duka sun tsallake zagayen farko, ga shi babu ko ɗaya a huɗun ƙarshe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa gasar sili-ɗaya-ƙwale ba ma'auni ba ce mai kyau na ƙarfin haɗaka. A 2011 ma, cikin 11 na Big East biyu ne kawai suka kai zagayen 'yan 16, aka yi ta cewa an zuzuta su, sai Connecticut da ta ƙare a ta tara a haɗakar ta ɗauki kofin, bayan ta doke mu 56 da 55 a wasan kusa da na ƙarshe. SEC ta bana ma 6 cikin 14 ba su ci ko wasa ɗaya ba, sannan 7 suka kai 'yan 16. Kowa yana iya ɗaukar lambar da ta yi masa ya kafa hujja da ita.

A hanyar dawowa gida na gane abin da yake damuna da kiran "S-E-C" da ake yi a filaye. Haɗakar nan ba makwabtaka ba ce kamar da. Texas da Oklahoma a 2024 suka shigo, saboda kuɗin talabijin na ƙwallon Amurka. A shekarar ce Pac-12 ta watse, UCLA da Oregon suka koma Big Ten, Stanford da ke bakin tekun Pasifik ta koma ACC, haɗakar da take ɗauke da sunan gaɓar Atlantika. Abin da shugabannin jami'o'i suka ƙulla a ɗakin taro saboda kwangila, ban ga yadda za a ce in so shi kamar yadda nake son rigar shuɗi ta Kentucky ba.

Inda goyon bayan haɗaka yake da ma'ana a wurina shi ne wajen ƙananan, masu gurbi ɗaya tak. Da McNeese ta doke Clemson 69 da 67, da Drake ta fitar da Missouri, kason da suka samo kuɗi ne da zai taimaki ƙananan jami'o'in haɗakarsu da gaske, kuma da ni ɗan ɗaya daga cikinsu ne da na tafa musu ko da abokan gabana ne. Amma bana babu ɗaya daga irinsu da ta kai zagayen 'yan 16. Duka 16 ɗin daga haɗaka huɗu suka fito: SEC 7, Big Ten 4, Big 12 4, sai Duke ita kaɗai daga ACC. Duk yaron da ya haskaka a ƙaramar jami'a, baɗi babba ta ɗauke shi, kamar yadda aka ɗauke Broome daga Morehead. Ina son yaron, kuma ina jin zafin abin da aka yi wa inda ya fito.

Yanzu saura Auburn, Florida, Houston da Duke, dukansu masu lamba ɗaya a ɓangarensu, abin da rabon da a gani tun 2008, kuma a San Antonio, inda za a yi na bana, aka yi wancan ma. Ranar Asabar Florida da Auburn za su haɗu, ke nan SEC ta riga ta samu kujera a wasan ƙarshe, Baba Alhaji kuma ya ce a gidansa za a kalla, in zo da lemo. Na ce masa zan zo, amma ya sani tun yanzu, Houston nake yi, musamman da yake Duke za su fuskanta. A kan Duke dai babu saɓani tsakanina da shi, duk wanda ya zauna a Lexington ya san abin da ɗan wasansu Christian Laettner ya yi mana a 1992, lokacin da ya fitar da mu daga gasar.

Gobe akwai aji ƙarfe 9, ban ko buɗe littafi ba.