Lamba 14 a na'urar Baba

Shekara huɗu ke nan ina gyaran na'urorin asibiti a Legas, amma darasin da ya fi zauna mini a rai a Agege na same shi, a ɗakin wani dattijo maƙwabcinmu mai ciwon suga.

Ɗansa ne ya aiko masa da na'urar awon suga daga Ingila. Ran nan ya auna, ta nuna 14. Tsohuwar tasa 130 ko 150 takan ba shi, sai ya ɗauka sugansa ya faɗi warwas, ya sa a haɗa masa shayi mai zaƙi. Allah Ya sa jikarsa ta kira ni. Ina dubawa sai ga wasu 'yan haruffa a gefen lambar, ƙanana kamar ƙwayar gero: mmol/L. Ma'aunin Ingila ke nan, tsohuwar kuwa da mg/dL take ƙirga, sai an ninka sau 18 suke daidaita. Ashe sugan Baba ya haura 250, ga kofin shayi a hannunsa.

Na ce, "Baba, ai da kun karanta takardar."

Ya ce, "Yaro, da wane idon?"

Washegari na ba oga labari ina dariya, bai taya ni ba. Sai ya kawo mini zancen jiragen Amurka samfurin B-17 a Yaƙin Duniya na Biyu. Matuƙi ya sauka lafiya, sai ya naɗe tayoyi, jirgi ya kwanta a kan cikinsa, a ce sakaci ne. Da wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Alphonse Chapanis ya bincika, ya tarar makunnin tayoyi da na fiffike kamarsu ɗaya, kuma suna jere. Aka maƙala 'yar tayar roba a kan na tayoyin, hannu ya riƙa gane shi ko ido bai duba ba.

Kunya ta kama ni. Na sha rubuta "laifin ma'aikaciya" a rahoto don nas ta kashe ƙararrawar na'ura, ban taɓa tambayarta sau nawa abin ya yi kukan banza a dare ɗaya ba, balle in an ɗauke wuta ana jiran janareta. Yanzu in na gama gyara, nakan miƙa wa mai aiki da ita, in ja bakina in yi shiru, in ga inda yatsansa zai yi tuntuɓe. Shirun nan da wuya, wallahi.

Na'urar Ingila dai tana cikin akwati. Mun je kasuwar Idumota mun sayo wa Baba mai ƙirgen da ya saba, mai manyan lambobi.