Yadda ranar Garwa ta cinye mini fuskokin teloli

Hoton mutum yana tsakiyar sana'arsa sau ɗaya yake zuwa. Da ka ce a sake, shi ke nan: tela ya ajiye almakashi, ya gyara hula, ya ƙura wa kyamara ido kamar za a yi masa katin shaida. Shi ya sa har yau nake jin zafin hotunan da na ɗauka wajen teloli a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Ƙafa a kan keke, zare a baki, ana raha, duk sun shiga. Fuskokin kuwa baƙi ƙirin, ba ido ba hanci.

Ga abin da ya jawo. In ka bar kyamara a otomatik, hasken duk abin da ke gabanta take aunawa ta nemi tsaka-tsaki. Tela yana cikin inuwar rumfa, bayansa rana ta ƙwalle a kan yashi, ga farar shadda a cinyarsa. Sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskar da ke inuwa ta nutse. Mu masu duhun fata abin ya fi taɓawa. Kuma ba za ka gane a wurin ba, don rana ba ta barin ka ga allon kyamara sosai, sai ka koma gida.

Yanzu tun kafin in shiga layin nake saita komai. Saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa, domin hannun mai aiki ba ya tsayawa. In yara ne ke guje-guje, 1/500. Buɗin ido, wato girman ƙofar da haske ke shiga kyamara, f/4. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a bar shi a otomatik, tsakanin 800 da 1600 a ƙarƙashin rumfa, don in an kulle shi ma, maɓallin +/- ba zai yi tasiri ba. Sannan maɓallin nan na ƙara ko rage haske mai alamar +/-, wanda mutane da yawa ba su taɓa taɓawa ba: a kai shi +1, in bayan mutum fari ne fat a ɗan ƙara. Bayan zai ƙone, a bar shi ya ƙone, fuska aka zo nema. Ina gwadawa a bayan hannuna cikin inuwa irin wadda suke ciki. Mai waya ya taɓa fuskar a allo, ya ja alamar rana sama kaɗan. A ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, in kyamara tana da shi, yana ceto wani abu, amma fuskar da ta nutse gaba ɗaya in ka ɗago ta a kwamfuta duk ƙuraje take fitowa. Na gwada da na telolin, ba su ɗagu ba.

Filasha da ƙarar maɓalli a kashe su. Lens, wato gilashin gaban kyamara, gajere, 35mm ko 50mm, ya fi mini dogo, don mai leƙe daga nesa shi ake zargi. Ka yi sallama, ka ce "Baba, sannu da aiki", ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini. Gaisuwa da Fulatanci tana buɗe ƙofa a nan. In an yarda, ka zauna a benci, ka sha shayi, ka bari su yi tsayuwar hotonsu ta farko ka ɗauka. Bayan nan aiki zai ja hankalinsu su manta da kai, lokacin ne naka. In a lokacin ka sunkuya kana murɗa maɓallai, ka tuna musu da kyamara.

Mata sai da yardarsu, yara sai da ta iyayensu. Bariki, filin jirgi, gada da shingen jandarma kada ka nufe su da kyamara.

Kafin ƙarfe tara na safe da bayan la'asar rana tana shigowa rumfa ta gefe, ta faɗa kan fuska. Hazon hunturu ma yana tausasa haske, sai dai kada ka canza lens a waje, ƙura za ta shiga ciki ta bar ɗige-ɗige a kowane hoto. Tsakar rana a watan Maris da Afrilu kuwa, in ba dole ba, ba na ɗaga kyamara a ƙarƙashin rumfa sai na ga +1 ɗin nan da idona.