Tsohon hoton jariri

Yau a Birnin Kebbi wata dattijuwa ta nuna mini tsohon hoton ɗanta, baƙi da fari, yana jariri a kan kujerar situdiyo. Hannunta kaɗai ake gani ta bayan labule, tana tallafe da shi. Dabarar masu hoto na zamanin da ce, don yaro yana motsawa fuska za ta dusashe. Gefen hoton ya koma ruwan ɗorawa, alamar ba a ɗauraye maganin wankin hoto sosai ba. Irin wannan takarda sai ta yi kusan minti 60 a ruwa. Laimar damina kuma ta manne shi da gilashi. Na ce, "Inna, kada a ɓamɓare shi, fuskar za ta biyo gilashin. A ɗauka da waya a inuwa, ban da filasha."

Abin da ya tsaya mini a rai, tambarin mai hoton da ke baya ya goge, ita ma sunansa ya kwanta mata.