Ranar da na cire wa a-kori-kurar Baba kafireta

Asabar, da dare.

Sau uku na wanke hannu da sabulu, har yanzu warin fetur nake ji. Amma dai a-kori-kurar ta tashi, kuma babu kafireta a kanta.

Motar Baba ce, ƙirar Amurka ta 1979, injin silinda takwas mai lita 5.7. Tun da ta dawo hannuna, kowace safiya sai an yi lallashi: a taka totur sau biyu, a murɗa makulli, ta yi tari ta mutu, a sake. In ta ɗau zafi na kashe ta na ɗan lokaci, sai mai ya tafasa a cikin kafiretar, ta ƙi tashi sai da gurnani. Abin da ya sa ke nan na sayi injekta irin wadda ake ɗorawa a mazaunin kafireta, mai fesa wa inji mai, da ƙwaƙwalwarta, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa ta, a jikinta. Daga nesa ma ba ka bambanta su.

Ɗora ta bai ci mini minti talatin ba. Noti huɗu ne, sai wayar totur. Wahalar tana wajen mai, kuma jiya muka sha ta. Tsohon famfon da ke jikin inji matsin da yake bayarwa bai wuce 5 zuwa 7 ba a ma'aunin matsi na psi, ita kuwa wannan wajen 58 take so. Dole muka sauke tanki muka sa famfon lantarki a ciki, muka ja sabon tiyo mai jure matsi, da wani na biyu mai mayar da rarar mai tanki. Muka sa matatar mai guda biyu: mai maikiron 100 (ma'aunin girman ƙofofinta) kafin famfo, mai 10 bayansa. Tsohon tiyon da na ciro, ina lanƙwasa shi ya tsage kamar busasshiyar fata.

Yau aikin waya ne. Ja da baƙa kai tsaye zuwa batir, kamar yadda takardar bayanin injektar ta nanata. Wayar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa gudun inji na kai ta gefen kwayil, na nisanta ta da wayoyin fulogi don kada su dame ta. Saura guda, wadda ke son wuta in an kunna makulli. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari, na samu wata mai wuta, na jona.

Na kunna. Famfo ya yi zuuu na 'yan daƙiƙu ya tsaya, ɗan allon hannu na injektar ya haska. Na murɗa, inji yana juyawa, shiru. Na sake, shiru. Har na fara zargin kayan a raina.

Ƙanena ne, da ke riƙe da allon, ya ce, “Yaya, kana murɗawa fa abin nan ɗaukewa yake yi.”

Na sa mita. Ashe wayar rediyo na kama, ita kuwa makulli yanke mata wuta yake yi lokacin da sitata ke aiki. Wato daidai lokacin da ake buƙatar ƙwaƙwalwa ta fesa mai, a lokacin nake kashe ta da hannuna. Na nemo waya mai wuta a duka matakan biyu, kunnawa da murɗawa, na sa rile (makunnin da lantarki ke sarrafawa) da fiyus. Murɗawa ɗaya ta kama. Ban ko taɓa totur ba, ƙafata tana ta ƙaiƙayin takawa saboda sabo.

Murnar ba ta daɗe ba. Da inji ya ɗumama, ƙwaƙwalwar ta fara sauraron sansar da ke cikin salansa, wato na'urar da ke auna iskar da ke cikin hayaƙi, sai silo ya soma hawa da sauka. Hayaƙi baƙi, idanu na yaji, kowa ya san mai ya yi yawa. Allon kuwa cewa yake iska ce ta yi yawa, yana nuna 17 da wani abu, alhali ma'aunin fetur zalla kashi 14.7 ne na iska ga kashi 1 na mai. Hancina da allon sun saɓa, kuma na fi yarda da hancina.

Na kwanta ƙarƙashinta da tocila. A mahaɗar da salansa ke manne da inji, tazara kaɗan kafin sansar, ga wani siririn zanen baƙin toka a jikin ƙarfe, tsawon ɗan yatsa. Na kusantar da bayan hannu, na ji fuf-fuf. Gaskit ɗin ya ci wuta, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ta nan iskar waje ke kutsawa tsakanin bugun hayaƙi, sansar ta shaƙe ta, ta kai rahoton ƙarancin mai, ƙwaƙwalwa kuma ta yi ta ƙarawa da zuciya ɗaya. Kafireta ba ta taɓa sanin da wannan ɓular ba, ba ruwanta da abin da ke fita ta baya. Wannan ƙarar da na ɗauka muryar motar ce tun ina yaro, ashe yoyo ne.

Jiran salansa ta huce ya fi canjin gaskit ɗin cin lokaci. Noti ɗaya ya yi taurin kai, sai da na jiƙa shi da mai na bar shi ya sha. Na goge abin da ƙwaƙwalwar ta riga ta koya a kan ƙarya, na ciro fulogi biyu na duba, baƙi ƙirin, na goge duka takwas ɗin.

Wannan karon silo ya zauna daram, lambar tana wasa kusa da 14. Muka fita zagaye a hankali, don sai ruwan inji ya kai wajen digiri 71 na Salsiyas take fara koyon halin motar. Da farko in na taka tana ɗan jinkiri, zuwa dawowarmu ya ragu sosai. Na kashe ta da zafinta, na jira kwata, ta tashi kamar ba a kashe ba.

Ƙanena ya ɗaga kafiretar ya ce, “Wannan fa, Yaya, a zubar?” Na ce ya tsiyaye man cikinta ya sa mini a kwali. A jikin sukurorin silonta akwai kufan sukuddireban Baba.

Gobe da sassafe, inji na sanyi, zan gwada ta. Na riga na gaya wa ƙafata ta zauna wuri ɗaya.