Yadda na buɗe jakar albashi da hannuna

Da Microsoft ta daina tallafa wa Windows Server 2012 R2 a watan Oktoban 2023, sai na goge C:, wato ɓangaren da Windows ke zaune, na sabar fayil ɗin ofishinmu (kwamfutar da ke riƙe takardun kowa), na ɗora Windows Server 2022 sabo fil. D: kuwa, inda takardu suke, ko taɓa shi ban yi ba. Ranar Lahadi na kwanta hankalina kwance.

Litinin tun ƙarfe takwas waya ta fara ruri, wai jakunkuna sun ƙi buɗewa. Da na leƙa shafin Security na babbar jaka, inda ake ganin waɗanda ke da izinin shiga, babu sunan rukunin ma'aikata ko ɗaya, sai dogayen lambobi masu farawa da S-1-5-21. Ashe wanda ya riƙe aikin kafin ni a kan sabar kanta ya ƙirƙiri rukunonin, ba a Active Directory ba, wato babbar rajistar masu amfani da kwamfutocin ofis. NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayiloli da izininsu, ba ta san suna ba, waccan doguwar lambar da ake kira SID ta sani. Da na goge C: rukunonin suka mutu, lambobinsu suka zama marayu. Ko ka sake ƙirƙirar rukuni da suna iri ɗaya, sabuwar lamba za a ba shi.

Nan gaggawa ta cuce ni. Na ba duk ma'aikata izini a babbar jaka, sannan na danna akwatin nan da ke maye gurbin izinin duk ƙananan jakunkuna da wanda suka gada daga sama. Nan take kowa ya shiga, har ana ta yi mini sannu da ƙoƙari. Bayan azahar sai ga Hajiya mai kula da albashi a kaina.

"Malam, me ya kai ɗan bautar ƙasa cikin takardar albashin Oga?"

An hana jakar albashi gadon izini daga babbar jaka ne da gangan, ita da ta ma'aikata. Ni kuma na haɗa su da sauran, na share abin da ke kansu. Da na fara da icacls, umarnin Windows na sarrafa izini, na ajiye izinin a fayil da /save, da minti kaɗan ya ishe ni mayar da komai da /restore, har ma /substitute zai musanya tsohuwar lamba da sabuwa. Ban yi ba. Kwafin ajiyarmu ma bai cece ni ba, domin robocopy, umarnin da muke kwafar fayiloli da shi, ba ya ɗaukar izini sai an sa masa /SEC ko /COPYALL.

Kwana biyu na yi ina bin shugabannin sassa da biro, ina tambayar wa ya kamata ya ga me. Na gina rukunonin a Active Directory, na sake yanke gadon jakunkunan biyu da /inheritance:r. Duk da haka Hajiya ta kasa shiga, sai da ta fita daga kwamfutarta ta dawo, don sabon rukuni ba ya kama mutum sai ya sake shiga.

Yanzu duk daren Juma'a sabar tana ajiye izinin D: a fayil guda. Hajiya kuwa har yau a filashi take riƙe da nata kwafin takardun albashi.